Ra'ayi: Tukunyar Jiratawa ta yi suna, hannun da ya gina ta fa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu sayar da tukwane a birnin Maraɗi ya san yadda cinikin ke tafiya. Mai saye zai ƙwanƙwasa randa da yatsa ya saurari ƙararta, mai sayarwa ya ce masa: "Alhaji, ta Jiratawa ce, ɗauki da ido rufe." Da wannan kalma ake ƙara kuɗi, kuma a biya ba gardama, domin sunan garin ya riga ya zama shaida. Abin da ba a tambaya shi ne sunan wanda ya kwaɓa yumɓun, ya gina, ya goge, ya yi zane, ya tsaya kan wuta har ta gasu.

Ginin tukwane a Jiratawa sana'a ce ta gida, maza da mata kowa da hannunsa a ciki. Sai dai namiji yana fita kasuwa, ana ganin fuskarsa, dillali ya riƙe lambar wayarsa. Mace kuwa aikinta ne ke fita, ita tana cikin gida. Haka abin yake ga mai saƙar faifai a Tibiri, da mai ɗinkin hula a unguwannin Maraɗi, da mai zanen lalle da hoton aikinta ke yawo a TikTok ba a san mai shi ba, da zabiyar da aka naɗi muryarta a gidan biki aka ɗora wa kiɗan kwamfuta. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Maganin wannan ba sai an je nesa ba. Matan Maraɗi masu fasaha suna buƙatar mujalla tasu ta kansu, wadda su ne mambobinta, su ke zuba kuɗin buga ta, kuma babban aikinta shi ne ta haɗa kowane aiki da sunan mai shi.

Abin da suna ke yi wa aiki

Labarin Ladi Kwali ya isa misali. Maginiyar tukwane ce daga ƙauyen Kwali a ƙasar Gwari, ta koyi sana'ar a gida kamar dubban mata irinta. Sarkin Abuja na wancan lokaci, Sulaimanu Barau, yana ajiye tukwanenta a fada, a nan Baturen Ingila Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ita ce mace ta farko a wurin. Daga nan aka fara buga haruffan sunanta, LK, a gindin abin da ta gina. An baje kolin aikinta a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, yau kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20.

Babu mai musun gwanintar Ladi Kwali. Amma gwanaye ba su ƙare a Kwali ba. Abin da ya raba ta da sauran shi ne an rubuta sunanta, an ɗauki hotonta tana aiki, an ajiye. Tukunya mai suna tana da tarihi, ana iya nemanta, ana iya yin odar irinta, ana iya kama wanda ya kwaikwaye ta. Tukunya marar suna kaya ce kawai, farashinta yana hannun wanda ya fi kusa da kasuwa.

Maraɗi ma ta fitar da matan da duniya ta san sunansu. Marigayiya Hamsou Garba, wadda aka haifa a Maraɗi a 1958, ta jagoranci ƙungiyar Annashuwa, ta buɗe gidan rediyon Touraki, ta rasu a watan Disamba na 2022. Fati Nijar, wadda ake yi wa laƙabi da gimbiyar mawaƙa, ita ma haifaffiyar Maraɗi ce. To amma a lura: ta farko a Yamai ta yi suna, ta biyu kuma sai da ta ƙetara Kano. Wadda ta zauna gida, komai gwanintarta, sunanta bai cika wuce unguwarsu ba.

Wani abin dubawa kuma, ɗalibar Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke son sanin yadda kakanninta suka yi buki da kayan ɗaki da waƙa, inda za ta fi samun bayani shi ne littafin Barbara Cooper kan aure a Maraɗi, wanda ya fito a 1997 da Turancin Ingilishi, ko rubuce-rubucen Guy Nicolas da Faransanci. An yi aikin, an gode. Amma matan da aka yi hira da su ba za su iya karanta abin da aka rubuta a kansu ba, jikokinsu ma sai ƙalilan.

Ba WhatsApp ya wadatar ba?

Wannan ce tambayar da matasa za su fara yi, kuma tana da hujja. Yau mai lalle a Maraɗi tana sa aikinta a WhatsApp ta samu amare uku kafin magariba. Tela tana samun oda daga Abijan ta Facebook. Waya ta buɗe ƙofar da a da sai mai hanya.

Sai dai waya tana da nata ramin. Abin da aka ɗora a matsayin hoton yini yana ɓacewa bayan awa 24. Waya ta faɗa ruwa ko an sace ta, aikin shekara biyar ya tafi. Wanda ya ga hoto ya yanke sunan da ke ƙasa ya ce nasa ne, ba inda za a kai ƙara. Sannan manhajojin nan suna ɗaga wadda ta fi iya rawa gaban kyamara, ba wadda ta fi iya aiki ba. Dattijuwar da ta shekara 40 tana saƙa, ba ta da babbar waya, ba ta da kuɗin data, ba ta ma cikin lissafi.

Mujalla tana da edita mai tantancewa, tana da kwanan wata, tana da lamba. Idan aka buga zanen wata a fitowa ta uku da sunanta da garinsu, an kafa shaida ke nan. Masu bin finafinan Hausa sun san abin da mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara bugawa a watan Maris na 1999, ta yi wa masana'antar Kano: duk mai binciken tarihin Kannywood a yau sai ya koma ga tsofaffin fitowarta. Kafin ita, marubutan ƙungiyar Raina Kama a Kano, cikinsu har da Balaraba Ramat Yakubu, sun riƙa jera sunayen littattafan 'yan ƙungiya a cikin littafin kowane mamba, ta yadda kowa ke tallata ɗan'uwansa. A Dakar kuma, Annette Mbaye d'Erneville ta kafa mujallar Awa a 1964, mata ke rubuta ta, ta ci gaba da fita har 1973. Shekara 50 bayan ta tsaya, ana karanta ta a intanet, ana sanin su wane ne matan Senegal na wancan zamani da abin da suke tunani.

Misalin da ya fi kusa da abin da ake magana a kai yana Landan. A ƙarshen shekarun 1970 wasu mata masu zane suka gaji da yadda gidajen baje koli ke tsallake su, suka buɗe ma'ajiyar hotunan ayyukan mata. Mace ta biya kuɗin zama mamba, ta kawo hotunan aikinta da taƙaitaccen tarihinta, a buɗe mata fayil. Takardar labarai da suke raba wa mambobi ta girma ta zama cikakkiyar mujalla, wadda a ƙarshe aka sani da suna MAKE. Ta daina fita a 2002, amma fayilolin suna nan a jami'ar Goldsmiths, masu bincike na zuwa dubawa. Ko mujalla ta mutu, sunayen da ta tara ba su mutuwa.

Ke nan ba takara ake yi da waya ba. Takarda ta riƙe shaida, waya ta yi yaɗawa.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya

Inda irin wannan shiri ya saba mutuwa shi ne wajen kuɗi. An sha gani a Nijar: ƙungiyar agaji ta zo da shiri na shekara biyu, a yi taron ƙaddamarwa a otal, a raba riguna da huluna, a buga fitowa ɗaya mai sheƙi da Faransanci ɗauke da hoton shugaban shirin a shafin farko. Kuɗi na ƙarewa, magana ta ƙare. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da masu ba da tallafi da dama suka janye ko suka rage hannu, kowa ya ga abin da dogaro da aljihun wani ke jawowa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Hanya ta biyu mai haɗari ita ce ta 'yan siyasa da manyan attajirai. Wanda ya biya kuɗin ɗab'i zai so ganin hoton matarsa a bango, zai so a yi shiru kan abin da bai so. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Mawaƙan Nijar sun san yadda siyasa ke ɗaga mai fasaha kuma ta kayar da shi. Hamsou Garba kanta an tsare ta a Yamai a 2016 saboda goyon bayan ɗan adawa Hama Amadou. Mujallar da ke son ta tara mata masu ra'ayi daban-daban dole ta tsaya nesa da tutar kowa.

Abin sha'awa shi ne, dabarar da za ta riƙe irin wannan mujalla a jihar Maraɗi aka haife ta. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a wannan yanki, ta gina shi kan adashen da mata suka saba. Mata su haɗu kowane mako, kowa ta zuba abin da aka amince, a ajiye cikin akwati, a ba mai bukata rance, a raba a ƙarshen zango. Ba a kawo musu jari daga waje ba, kuɗinsu ne. Tsarin ya bazu daga ƙauyukan Maraɗi zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Matan da suka koya wa duniya yadda ake tara kuɗi a akwati ba za a ce ba su iya riƙe asusun mujalla ba.

A yi lissafi mai sauƙi. A ce mata 300 daga Maraɗi da Tibiri da Jiratawa sun yarda kowace ta zuba dala ɗari, wato sefa 500, a wata. Jaka 150 ke nan duk wata, jaka 450 a wata uku. Idan mujallar tana fita sau huɗu a shekara, da shafi 16 ko 20, ba a takarda mai tsada ba, wannan kuɗi ya isa a fara magana da maɗaba'a, a kuma sallami mai ɗaukar hoto da mai tsara shafi. A ƙara da tallan masu sayar da atamfa da zare da kayan kwalliya, waɗanda dama waɗannan mata ne abokan cinikinsu. Wadda ba ta da sefa 500 ta biya da aikinta: faifai ɗaya ko kasko ɗaya, a sayar a saka a asusu.

Amfanin zubin ya wuce kuɗin da aka tara. Wadda ta biya tana da bakin magana. Tana iya tashi a taro ta ce an yi fitowa uku ba a sa kowa daga Jiratawa ba, kuma dole a saurare ta. Wadda aka yi wa kyauta kuwa godiya kawai ta rage mata.

Hujjojin masu shakka

Na farko za su ce: mata nawa ne cikin waɗannan ke karatu? Gaskiya ne, mafi yawan matan karkara a jihar Maraɗi ba su yi nisa a makarantar boko ba. Amma wannan hujja ce ta yadda za a tsara mujallar, ba ta hana yin ta ba. A rubuta ta da Hausa, wadda tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ayyana a matsayin harshen ƙasa a Nijar. A ba hoto fili fiye da rubutu. A sa muhimman bayanai da ajami, tunda 'yan matan da suka yi makarantar allo da Islamiyya suna da yawa. Kowace fitowa kuma a karanta ta da murya a tura ta WhatsApp, a nemi fili a gidajen rediyo irin su Anfani da Saraounia. Ko wadda ba ta san harafi ɗaya ba tana gane hoton tukunyarta, kuma 'yarta za ta karanta mata abin da aka rubuta a ƙasa.

Tarihin wannan yanki ma yana da darasi kan yadda rubutu ke isa ga wadda ba ta karatu. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Gobirawa suka kafa sabuwar hedikwatarsu a Tibiri, inda Inna ke riƙe da ragamar al'amuran mata, kamar yadda Iya take a fadar Maraɗi. A ɗaya ɓangaren kuma, a daular Sakkwato, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta kafa tsarin 'Yan Taru: ta zaɓi dattawan mata ta naɗa su jaji, su karɓi waƙoƙin ilimi daga hannunta su kai wa matan ƙauyuka. Masu tarihi irin su Jean Boyd sun nuna cewa malfar da ake ɗora wa jaji an aro ta ne daga alamar sarautar Innar Gobir. Ɓangarorin biyu sun yi gaba da juna, amma sun haɗu kan abu guda: saƙo yana isa ga mata ne ta hannun macen da suka yarda da ita. Mujallar yau ma tana bukatar irin wannan wakiliya a kowace unguwa da kowane ƙauye, mai karɓar zubi, mai kawo kwafi, mai kai labari.

Na biyu za su kawo maganar addini da kunya. Wannan ba abin wasa ba ne a Maraɗi. Waɗanda suka manyanta suna tuna watan Nuwamban 2000, lokacin da zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA da ake yi a Yamai ta rikiɗe ta zama tarzoma a Maraɗi, kuma mata na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Duk mai shirin buga hoton mace a wannan gari dole ya san inda yake taka ƙafa. Amsar ita ce mujallar ta aiki ce, ba ta nuna jiki ba. Doka ta farko ta zama cewa ba a buga fuskar kowa sai da yardarta. Wadda ta ce a nuna hannunta da aikinta kawai, a yi mata haka. Wadda ta fi son a kira ta da sunan ɗanta, Maman wane, ko da laƙabin sana'a, a rubuta haka, muddin sunan ɗaya ne a kowace fitowa. Matar da ke cikin kulle ma ita ta fi kowa cin riba, domin ita ce kayanta ke fita ta hannun 'yan talla da dillalai ba ta san nawa aka sayar ba. Malamin da ke wa'azi kan haƙƙin ma'aikaci da haramcin cin gumin wani ba shi da dalilin ƙin wannan.

Na uku sun fi wuyar sha'ani, domin daga cikin gida suke. Su ne masu ganin "mai fasaha" ita ce wadda ta yi lakwal, take zane da fenti ko ɗaukar fim, sauran kuwa 'yan sana'ar hannu ne. A gefe guda kuma akwai tsohon kallon da ake yi wa zabiya da maroƙiya, a ji daɗin waƙarsu a biki amma a ƙi haɗa zuri'a da su. Idan mujallar ta bi wannan rarrabuwa ta mutu tun ba a haife ta ba. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da ƙwarya ta yi kiɗanta na amada, kuma yau jami'o'i ke nazarin waƙoƙinta. Rahmatou Keïta ta yi fim sukutum kan rayuwar Zalika Souley don kada a manta da ita. Aïcha Macky ta Damagaram ta kai labarin unguwannin garinsu manyan bukukuwan finafinai na duniya. Mai kyamara da mai ƙwarya suna bukatar juna, kuma shafi ɗaya ya ishe su.

Na huɗu za su ce ana fama da tsadar hatsi da matsalar tsaro a kan iyaka, wa ke ta mujalla? To ai ga waɗannan mata fasaha ita ce hatsin. Kuɗin faifai da lalle da ɗinki su ke sayen magani da cefane da kayan ɗakin 'ya. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da lokacin takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 2023, duk mai dogaro da mai saye ɗaya ta hanyar Dan Isa da Jibiya ya ɗanɗana kuɗarsa. Wadda ke da suna da lambar waya a hannun masu saye goma ta fi jure irin wannan rana.

Me za a tarar a ciki?

Kada ta zama mujallar hotunan biki da gaisuwar manya. Zuciyarta ita ce rajistar mambobi: suna, gari, irin aiki, da hanyar tuntuɓa ta ofishin ƙungiya, don kada lambar mace ta faɗa hannun 'yan iska. Kowace fitowa ta ɗauki mata uku ko huɗu ta yi musu cikakken bayani: wa ya koya mata, daga ina take samo yumɓu ko kaba, kwana nawa aiki ke ɗauka.

Sai shafin farashi. Idan mai saƙa a Tibiri ta ga nawa ake sayar da irin faifanta a Yamai ko Kano, cinikinta da dillali ya canja daga ranar. Dillali yana da haƙƙin cin riba, shi ke ɗaukar hasarar abin da ya fashe a hanya, amma ribar da aka gina kan jahilcin mai kaya ba ciniki ba ce.

Sai shafin haƙƙi. Nijar tana da hukumar kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, amma zabiya nawa ce a jihar Maraɗi ta san yadda ake rajistar waƙa? Nijar mamba ce a OAPI, hukumar da ke kare alamun kaya a ƙasashen Afirka da dama, wadda ta riga ta amince da kilishin Nijar da albasar Galmi a matsayin kayan da sunan wurinsu ke da kariya. Idan albasa ta samu wannan gata, tukunyar Jiratawa ma tana iya nema, kuma tarin shaidar da mujalla za ta ajiye shi ne matakin farko. Haka kuma a riƙa sanar da mambobi da wuri lokacin baje kolin SAFEM na sana'o'in mata da ake yi a Yamai, da yadda ake samun rumfa, don kada kullum a ga fuskoki iri ɗaya.

Sai shafin ta'aziyya. Duk gwanar da ta rasu a rubuta tarihinta, a buga hoton aikinta, a ambaci waɗanda ta koya wa. Robobi da bokitan roba suna cin kasuwar tulu da ƙwarya, 'yan mata da yawa ba su son gadon sana'ar da ba a girmama mai ita. Yarinyar da ta ga an buga sunan kakarta za ta sake tunani kafin ta raina yumɓu.

Kuma a bar fili ga suka. Idan aiki bai yi kyau ba a faɗa cikin ladabi. Mujallar da kowa gwani ne a cikinta ba mai yarda da yabonta.

Rabon matasa da 'yan ci-rani

Dattawan mata suna da aikin, suna da akwatin zubi. Abin da ba su da shi yana hannun 'ya'yansu. A Maraɗi akwai 'yan mata da samari da suka iya ɗaukar hoto da waya, suka iya tsara shafi a kwamfuta, suka gama jami'a suna zaman fada suna jiran aikin gwamnati. Zuwa Jiratawa ko Tibiri daga tsakiyar birni bai kai tafiyar awa ɗaya a kan babur ba. Amma sharaɗin shi ne su shigo a matsayin ma'aikata, ragama ta zauna hannun mambobi. Shugabar ƙungiya da ma'ajiya da masu riƙe makullin akwati su fito daga cikin masu sana'ar, a kuma karanta lissafin kuɗi a bainar taro, a buga shi a shafin ƙarshe na kowace fitowa. Ƙungiyoyi da yawa ba talauci ya kashe su ba, rashin bayanin inda kuɗi ya shiga ne.

'Yan Maraɗi da ke Legas da Kwatano da Abijan da Aljeriya da Libiya da Saudiyya da Faransa da Amurka kuma su ne kasuwar da ba a taɓa ba. Duk wata suna turo kuɗi gida ta Nita ko Al Izza ko Amana. Wanda ya biya wa mahaifiyarsa ko gwaggonsa kuɗin mamba na shekara, jaka shida ke nan, bai kai abin da wasu ke kashewa a data cikin wata ba. Wanda ya yi rajistar karɓar mujallar ta waya ya samu abin nuna wa 'ya'yansa da aka haifa a waje. Mai shirin aurar da 'ya a can kuma ya san wadda zai yi wa odar faifai da hula kai tsaye, da sunanta, kuɗin ya shiga hannunta.

Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021. Ranar da jirgi ya fara zuwa, zai kawo kaya ya kuma kwashi kaya. Idan ya tarar da tukwane da faifai ba suna, wasu za su saye su da araha su manna musu nasu tambarin a wani gari. Idan ya tarar da su da suna da rajista da ƙungiya a bayansu, ciniki zai zama na daban.

Ba sai an jira izinin kowa ba. Ƙungiya ɗaya ta Mata Masu Dubara a Jiratawa, ɗaya a Tibiri, da masu lalle da teloli goma a Maraɗi sun isa su zauna a tsakar gida su yanke nawa za a zuba. Fitowar farko ko shafi takwas ce ta wadatar, in dai a ƙarƙashin kowane hoto an rubuta wadda ta yi aikin.